Shayin Inna Gesche

Shekara biyar ban taɓa tsallake ƙwayar hana ɗaukar ciki ba, kuma da alfahari nake faɗa, don kusan shi kaɗai ne abin da zan iya nunawa na shekarun nan. Ƙarfe bakwai na safe waya za ta yi ƙara, in ɓallo guda daga katin, in kora da ruwa kafin kofi ya tafasa. Kwana ashirin da ɗaya ina sha, bakwai in huta. Ranar da na yi amai awa ɗaya bayan na haɗiye ta, wata na ɓallo daga katin ajiya, kamar yadda takardar cikin kwalin ta ce. Ba na shan taba, duk wata shida kuma ana gwada min hawan jini. Likitata ma cewa take da kowa irina ne da ta huta.

Dalilina guda ne. Mijina Thies yana aiki a jirgin da ke yashe tashoshin ruwa, mako takwas a waje, uku a gida. Tun farkon aurenmu na gaya masa ba zan haifi yaron da zai san ubansa ta fuskar waya ba. Ya sami aiki a tudu, ni kuma in ajiye ƙwayar. Ya ce baɗi. Baɗin nan ta zo ta wuce sau biyar, kullum aikin tudu ne babu.

Gidanmu ne na ƙarshe kafin ganuwar da ta tare teku. Lokacin zafi ina gyara ɗakunan baƙi masu zuwa hutu, amma daga Oktoba ko'ina a rufe, ya rage daga ni sai tumakin kan ganuwa da gonakin kabeji da aka girbe. Ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Akwai ranar da na lura rabona da buɗe baki in yi wa wani magana tun Talata, ga shi Asabar ce. Kaɗaici ya ci ni, ba na jin kunyar faɗa.

Inna Gesche, maƙwabciyata, mai shekara tamanin da ɗaya, ita ta kama ni da tsakar rana ina fitar da shara da kayan barci a jikina.

"Ke 'yar nan, wannan fuskar taki ko tunkiya ta gani sai ta sake hanya. Zo nan."

Ta zaunar da ni a kicin ɗinta, ta ɗauko jakar Johanniskraut, ciyawar nan mai rawayan fure da tsofaffinmu ke tsinka ranar ashirin da huɗu ga Yuni su shanya saboda hunturu. Ta ce rana ce aka ɓoye a cikin ganye, uwarta ta sha, ita ma da shi ta ƙetare hunturu goma sha biyu tun rasuwar mijinta.

Na sha. Ko ganyen ne, ko zaman da na koma yi a wurinta kullum ƙarfe uku tana caccakar magajin gari, ban sani ba, amma na ji sauƙi. Da jakarta ta ƙare sai na sayi na kwalba, ƙwayoyi masu ƙarfi, a kanti tsakanin sabulu da man goge baki, ba wanda ya ce min uffan. A Nuwamba na je wurin likita, takardar da ake cikewa ta tambaya ko ina shan wani magani, na rubuta a'a da zuciya ɗaya. A wurinmu abin da kaka ta shanya a saman ɗaki ba a kiransa magani.

Thies ya zo Kirsimeti, ya koma shida ga Janairu. Tun yana nan nake ganin ɗigon jini a tsakiyar kati, abin da ban saba ba, na ce sanyi ne. Sai makon hutu ya zo a ƙarshen wata, jinin da ya kamata ya zo ya ƙi zuwa.

Na je shagon magani karɓar sabon kwali, na ajiye kwalbar ganyen a kan kantar shagon ina tambaya ko suna da irinta. Maren ce a wurin, wadda muka yi firamare tare. Ta dubi kwalin, ta dubi kwalbar, ta dube ni.

"Telse, kar ki ce min tare kike shan waɗannan."

"Ganye ne fa."

"Ganye ne, eh. Taba ma ai ganye ce."

Ta ja ni bayan kanta ta yi min bayani. Ciyawar tana sa hanta ta wanke ƙwayar daga jiki kafin ta gama aikinta, ɗigon jinin nan kuma alama ce. Ta ce kar in daina shan ƙwayata, in kira likita a ranar in gaya mata komai, har da ƙuncin da ya kai ni ga ganyen. Ko na ajiye shi ma, sai an yi kwana ashirin da takwas ana haɗawa da kororon roba kafin a sake dogara da ƙwayar ita kaɗai. Ta tambayi ranar da Thies ya tafi, ta ƙirga da yatsu, ta jefa abin gwajin ciki a ledata ta ce gobe da safe, da fitsarin farko.

Na fito raina a ɓace. Ban ji haushin Inna Gesche ba, ita abin da take da shi ta ba ni. Haushin kaina na ji, mai taƙama da ƙarfe bakwai. Tsoro kuma ya cika ni, don na hango kaina da jariri a gidan nan, mu biyu muna sauraron iska. Na rasa wanda zan gaya wa, sai na rubuta wa Thies cewa mai yiwuwa ina da ciki. Saƙon ya maƙale bai shiga ba, kamar yadda ya saba in suna nesa da gaɓa.

Da safe na yi gwajin. Layi ɗaya ne, babu ciki. Na zauna a bakin bahon wanka na yi ajiyar zuciya. Ban tashi ba waya ta yi ƙara.

Thies ne. Bai bar ni na ce komai ba. Rabon da in ji muryarsa haka tun muna saurayi da budurwa. Yanzun nan ya ga saƙon, har ya yi wa kyaftin magana. Ya ce in kwantar da hankalina, wannan ce tafiyarsa ta ƙarshe, akwai masu ƙananan jiragen da ke jan manyan jirage a tashar Büsum da suka neme shi sau biyu, na bayan nan ma a Satumba, yau zai kira su.

"Sau biyu?"

"Eh, ban gaya miki ba ne, aikin ba wani abin a zo a gani ba ne. Amma yanzu ai akwai dalili."

Büsum tafiyar minti ashirin ce daga ƙofar gidanmu. Da zan iya yin shiru in bar shi ya kira su tukuna, kuma na yi tunanin hakan, ba zan ɓoye ba.

"Thies, na gwada. Babu komai."



"To," in ji shi. "In bar kiran nasu ke nan?"

"Ni ina gidan nan, Thies. Tun can ma ina nan."

Ya ce ya sani, ya sani mana. Sai ya ce ana nemansa a saman jirgi, zai kira ranar Lahadi.