Jakar Auta

Surukarta ce ta matsa wa Malama sai sun leƙa gidan tarihi, wai an baje kayan leƙen asirin tsohuwar gwamnati. Ta bi ta ne ba don ranta ya so ba. Gwamnatin nan ce ta ɗaure mijinta, ya fito da tarin da ya yi ajalinsa.

Jagoran baƙi sai zuba yake. Ga kyamara cikin kwalin sigari, ga wata a maɓallin kwat, mutane na dariya suna jinjina wayon mutanen da. Sai ya tsaya gaban wata jakar fata mai ɗan ramin kyamara kusa da makulli.

"Ga kuma irin aikinta," ya ce, ya nuna hoto a bango.

Falon Malama ne. Labulenta ne mai zanen ganye. Ga mijinta ya ɗaga hannu yana yi wa abokansa na ƙungiyar ma'aikatan jirgin ƙasa bayani, ga ita a bakin ƙofa riƙe da tire. Daga saman kabad aka ɗauka. Mutum ɗaya ke ajiye jaka a wurin, wai kada yara su taɓa masa takardu: ƙaninta, Auta.

A ɗakin baya na gidanta ta same shi, inda yake zaune tun da matarsa ta bar shi, yana cin abincin da ta dafa.

"Na ga jakarka. Sun sa ta a gilashi."

Cokalin ya tsaya a hannunsa. "Yaya, zamanin ne. Da ban yi ba, wani zai yi. Ni na hana a taɓa ki ma."

"Au, godiya kake jira?" Ta fizge kwanon ta yi jifa da shi. "Ranar rasuwar mijina ka fi kowa kuka, munafuki! Har ni nake rarrashinka!"

Ta watso kayansa waje. Maƙwabta suka taru suna ba ta baki, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Wannan na yanke," ta ce, ta rufe ƙofa.

Kashegari ta koma gidan tarihin ta nemi a ba ta hoton. Suka ce kayan tarihi ne, ba a fita da shi. Sai ta ja kujerar mai gadi ta zauna ƙarƙashin hoton. Duk wanda ya tsaya kallo, ta faɗa masa sunan kowa da ke ciki, da abin da aka yi masa.