Jan Ƙyalle a Katangar Addu'a

Karsang ne ya koya wa Urgen dako, wannan duk ƙauyenmu na Lamsa babu mai musu. Shi ya nuna masa inda ake ɗora maɗaurin goshi don kada wuya ya sage, shi ya koya masa irin ƙullinsa, mai kunne biyu, wanda ba ya kwancewa ko kwando ya kwana uku a ruwan sama. A lokacin, Urgen ƙanin matarsa Yangdol, in ya ɗauki buhun gishiri ƙafafunsa rawa suke yi. Yau shekara takwas ke nan, ga Urgen ya zama abin da ya zama: ga gudu, ga Turanci, ga dariyar nan tasa da baƙi masu hawan dutse ke so. In an sauka zango, shi ake kira a ɗauki hoto da shi. Karsang kuwa shi ake miƙa wa wayar ya ɗauka.

Abin yana cin Karsang, kuma ba ƙaramin ci ba. Ko a gida bai tsira ba, don Yangdol ba ta iya zuba masa shayin man shanu ba tare da ta ce Urgen ya yi kaza, Urgen ya ce kaza ba. Wata rana sai da ya ajiye kofin ya tambaye ta ko a gidansu Urgen kaɗai aka haifa. Ta yi dariya ta ce ya tsufa, shi ya sa yake ƙorafi.

Ana cikin haka mutanen wani kamfanin hawan dutse daga Katmandu suka zo shirya tseren shinge a tuddanmu. Mil shida ne, daga gadar ƙasa zuwa filin makaranta, amma ba gudu zalla ba. Akwai katangar katako da za a haura, akwai waya mai ƙaya da za a rarrafa a ƙarƙashinta cikin taɓo, akwai buhun yashi, akwai gungume a kan rafi. Wanda ya kasa wani shinge, ko ya saki hanyar da aka ɗaura wa jan ƙyalle, tsallen kwaɗo talatin zai yi kafin ya wuce. Mu dai da farko dariya muka yi, wai mutum ya biya kuɗi don ya ɗauki buhu ya hau tudu. Dariyar ta tsaya da mai kamfanin ya ce ɗan ƙauyen da ya fara isowa zai ɗauke shi ɗan jagora, da albashi duk wata, ya rabu da kwando har abada.

Karsang yana da shekara talatin da tara, gwiwarsa ta hagu ta fara yi masa magana in zai sauko tudu. Ya san dako ba zai ƙara kai shi shekara biyar ba. Ya kuma san, kamar yadda kowa ya sani, cewa Urgen zai ci. Da ya ƙiyasta Urgen sanye da rigar kamfani yana tafe hannu a aljihu, shi kuma yana bayansa ɗauke da tukwanen baƙi, sai ya ce a ransa ba za ta saɓu ba.

Ana gobe tsere aka ɗauki 'yan dako huɗu su ɗaura jajayen ƙyallaye a hanya, aka ba Karsang sashen sama, inda katangar addu'a take. Doguwar katanga ce ta duwatsu masu rubutu, kowane gida yana da nasa a ciki. A wajenmu ko yaron da bai iya ɗaura wando ba ya san ana barinta ne a hannun dama, ba a bi ta ɗaya gefen. Hanyar da ta dace tana ɗan gangarawa ta zagayo, ɗayar kuwa miƙaƙƙiya ce, shanu kaɗai ke binta. Karsang ya tsaya da ƙyallayen a hannu, ya daɗe. A tsakiyar katangar akwai dutsen surukinsa, mahaifin Urgen da Yangdol, wanda shi da kansa ya goyo daga gidan mai sassaƙa shekarar da tsohon ya rasu. Ya san ko da wuƙa a wuya Urgen ba zai bar dutsen ubansa a hannun hagu ba. Ya duba sama, ya duba ƙasa, babu kowa. Ya ɗaura ƙyallayen a hanyar shanu.

Da safe gadar ƙasa ta cika. Mutanen birni sun sha takalma masu launi, suna ta miƙa da lanƙwasa. Urgen ya zo yana cin dafaffen dankali, ya miƙa wa Karsang ɗaya.

"Yaya, ka lallaɓa gwiwar nan fa. In ta ƙi, ka kira ni in goya ka, ai ba ka kai buhun gishiri ba."

'Yan dako suka kwashe da dariya. Karsang ma ya buɗe haƙora, ya karɓi dankalin, amma bai ci ba.

Aka busa usur. Mutanen birni suka fita a guje kamar an koro su, kafin mil ɗaya kuwa tudu ya tankaɗe su, suka koma tafiya da hannu a gwiwa. Karsang ya haura katangar katako da ƙyar, ya bar fatar gwiwar hannu a jikinta. A ƙarƙashin waya taɓo ya shige masa hanci, ƙaya ta yage masa riga. Da aka zo buhun yashi kuwa, nan gidansa ne. Ya saɓa shi ya wuce mutum biyar a hawa ɗaya, har Urgen ya bari a baya na ɗan lokaci, ransa ya yi fari. Bai daɗe ba, don a kan gungume Urgen ya wuce shi da gudu, hannu a buɗe, har da waiwayowa ya ce ya yi a hankali, akwai santsi. Wannan kulawar ta fi zagi yi masa ciwo.

Da ya ƙarasa hawan ƙarshe, abin da ya shirya shi ya tarar. Alƙalin da aka ajiye a katangar addu'a wani saurayi ne daga can ƙasar kwari, bai san komai ba sai jan ƙyalle da takardar hannunsa. Urgen ya riga ya zagayo ta hanyar da ta dace, yana tsugune yana tsalle, saurayin yana ƙirga masa, sun kai tara. A kan tudun da ke sama tsofaffin ƙauye ne zaune a jere sun zo kallo, cikinsu har da surukarsa, tana juya carbinta.

Duk lissafin da Karsang ya yi jiya, ya manta da abu ɗaya: shi ma sai ya bi ta wajen. Ƙafafunsa da kansu suka karkata zuwa gangaren da suka saba shekara da shekaru, sai da ya ja su da ƙarfi. Ya ji saurayin ya ce goma sha biyu. Ya sunkuyar da kai ya shiga hanyar shanu, katangar tana hagunsa. Bai so ya duba ba, amma ya ga dutsen surukinsa, da guntun gefen da ya ɓalle ranar da ya zame da shi a hanya. Tsofaffin nan da ke ta yi wa kowa kirari suka yi tsit.

Shi ya fara isa filin makaranta. Mai kamfanin ya rungume shi, ya ɗaga hannunsa, ya ce ranar Litinin ya zo a gwada masa riga. Mutanen birni suka tafa. Mutanen Lamsa suka tafa kaɗan, irin tafin da ake yi wa baƙo. Matan da suka zo da fararen gyale don rataya wa wanda ya ci, kamar yadda muke yi, kowacce ta riƙe nata. Yangdol tana tsaye da tulun shayi, ba ta matso ba.

Can sai ga Urgen, taɓo har kunne. Filin ya ɗauki ihu. Kafin ya gama haki an lulluɓe masa wuya da gyale har bakinsa ba a gani. Karsang yana tsaye da lambarsa a ƙirji, ya ci tsere, ya samu aiki, kuma hassadar tana nan daram, ta ma fi ta safe.

Urgen ya ratso mutane ya zo. Ya zare gyale ɗaya daga wuyansa ya rataya wa Karsang, ya ɗaga murya yadda tsofaffi za su ji, ya ce Yaya ya gaji ne, gumi ya rufe masa ido, ya bi ƙyalle bai lura ba, gobe za su hau tare su zagaya katangar sau uku. Tsofaffin suka gyaɗa kai, aka fara sakin fuska. Har Yangdol ta soma zuba shayi.

Sannan ya kama hannun Karsang kamar mai gaisuwa, ya danna masa wani abu a tafi. Jan ƙyalle ne, an zare shi daga kan reshe ba a kwance shi ba, ƙullin yana nan da kunnuwansa biyu.

"Yaya," ya ce a hankali, "mutum biyu ne suka iya wannan ƙullin a Lamsa. Ni kuma jiya ina gida."

Ya saki hannun ya koma cikin mutane. Yangdol ta iso da kofi tana murmushi, tana cewa ya karɓa mana tun da zafi, me yake ta dunƙulewa a hannu haka.