Abin da Almakashi Ya Datse

A gidan rediyon da yake aiki ba wanda yake kiransa da sunansa. Almakashi ake ce masa, shi ma ya daɗe da daina musu. Aikinsa gyaran sauti. In an ɗauko hira da baƙo sai a kawo masa ɗan ɗakinsa marar taga, mai bango liƙe da soso, ya rufe kunnuwansa da abin sauraro, ya bi maganar daki-daki yana datse abin da ba shi da amfani. Tari, atishawa, kukan kujera, duk yana cirewa ba tare da ya ɓata rai ba. Abin da yake tayar masa da jijiyar wuya shi ne ciko-cikon masu Turanci.

Shirin da aka ɗora masa na Turanci ne, baƙin kuma manya, masu digiri hawa-hawa. Mutum zai buɗe baki da "akshuwali", ya yi taku biyu ya ce "besikali", kafin ya kai ƙarshen zancen ya watsa "yu no" uku kamar mai ba kaji hatsi. Akwai likitan da ba ya iya cewa ruwa da sanyi sai ya saka "litirali". Akwai wata lauya da kowace amsa tata ke farawa da "tu bi ones", wato in faɗi gaskiya, har Almakashi ya tambaya ko sauran maganarta ƙarya ce ke nan.

"Kai dai ba ka da tausayi," in ji mai gabatar da shirin wata rana, tana leƙa allon kwamfutarsa. "Mutum ne fa, ba inji ba. Ka bar shi ya ja numfashi."

"Ya ja a gidansu," in ji shi. "Minti ashirin aka ba mu."

Yana da tsarinsa. Duk abin da ya datse sai ya ja shi zuwa wani layi a ƙasan allo da yake kira kwandon shara, kuma ba ya tashi aiki sai ya zubar. Ba ya ajiye kwafi biyu, wai mai yin haka bai yarda da hannunsa ba. A wurin aiki wannan taƙama ba ta taɓa jawo masa komai ba, don asalin kowace hira na nan a na'urar mai gabatarwa.

Ƙiyayyar ta samo asali ne daga gida. Mahaifinsa shugaban tashar jirgin ƙasa ne har ya yi ritaya, mutum mai guga da agogo, amma in ya juya harshe zuwa Turanci ba ya yin jimla sai da "yu si", wato ka gani. Ɗan ya ɗauka ba da saninsa ba. A sakandare 'yan ajinsu suka laƙaba masa Yu Si, ya yi shekara guda yana cizon harshe har ya rabu da ita, ya kuma riƙe abin a ransa.

Shekara ɗaya da rasuwar mahaifin, Auta, ƙanwar Almakashi, tana kwashe takardu a durowar Baba ta ci karo da wani kaset. Jawabin da ya yi ne ranar da ma'aikatan tasha suka yi masa taron sallama. A duk gidan babu wani abu kuma da ya riƙe muryarsa, ga shi babu sauran rediyo mai cin kaset.

"Yaya, ka juye mana a waya," in ji Auta. "Umma tun jiya take tambaya."

Ya tafi da shi wurin aiki, ya zaƙulo wata tsohuwar rikoda a ɗakin ajiya, ya hure mata ƙura. Ta karanta kaset ɗin daga farko har ƙarshe, sautin ya shiga kwamfuta lafiya. Wajen mayarwa baya ne ta cafke zaren, ta tauna, ta tsinka shi gida-gida. Almakashi ya ɗaga kafaɗa. Ai abin da ake nema ya riga ya shiga.

Ya sa abin sauraro. Muryar Baba ta cika masa kai, sai da ya ɗan runtse ido. Amma kunne ya riga ya saba da aikinsa. Minti goma sha ɗaya, "yu si" arba'in da bakwai, "as e mata of fak" tara. Hannunsa ya kama aiki tun kafin ya yi shawara da shi. A ganinsa gata yake yi wa mahaifinsa, jikoki su ji kakansu yana magana tiryan-tiryan. Wajen minti na takwas ya tarar da "yu si" uku a jere, sai shiru na daƙiƙa shida. Wannan ya fi kowanne yi masa daɗin datsewa. Da ya gama, jawabin ya koma minti tara, Baba ya zama kamar mai karanta labarai. Ya zubar da kwandon shara, ya adana sabon a kan tsohon, ya kashe fitila.

Ranar Asabar da la'asar suka taru a falon Umma. Ta sa aka kashe fanka don kada ta hana ta ji. Auta ta ɗora wayar a hannun kujera ta danna. Umma ta karkata kai tana sauraro. Minti biyu ba su cika ba ta ɗago.

"Wane ne wannan?"

"Haba Umma, Baba ne mana," in ji Auta.

"Muryar dai tasa ce. Amma shi ba haka yake magana ba. Wannan sauri yake kamar ana korarsa."

Almakashi ya gyara zama. "Na ɗan share shi ne, Umma. Na cire abubuwan da ba su da ma'ana."

"Waɗanne?"

Ya faɗa mata. Umma ba ta jin Turanci, ba ta taɓa shiga aji ba. Ta dube shi yadda ake duban yaron da ya wanke allo da rubutun da ba a karanta ba tukuna.

"Ni ban san Turanci ba," ta ce, "amma na san na mahaifinku. Shekara arba'in ina jin sa ta bayan labule in ya yi baƙi. In ya ce yu si sau ɗaya, hanya yake nema. In ya jera biyu, ba zai yarda ba, sai in fasa ɗora shayi don baƙon ya kusa tashi. In ya kawo doguwar nan, as-e-mata, to ya sauko, hira za ta yi tsawo. Sauran kuwa duk ƙara ce a kunnena."

Wayar na ta zuba Turanci mai tsabta.

"Ranar nan ina zaune a layi na biyu," in ji Umma. "Can wajen ƙarshe ya ce yu si har sau uku, ya kasa ci gaba, ɗakin ya yi tsit. Ni yake kallo. Daga baya aka ce min godiya yake so ya yi mini. Wurin nake jira in ji."

Auta ta juyo. "Yaya, ai na asalin na nan ko?"

"Zan duba," ya ce, alhali ya san amsar.

Ranar Litinin ya kira mai gyaran kwamfutar gidan rediyon. Mutumin ya yi awa biyu yana tone-tone, ya ce shirye-shiryen ƙarshen mako sun riga sun hau kan wurin, sai haƙuri. Almakashi ya koma kan zaren kaset ɗin da salatif da reza, amma duk inda ya taɓa sai ya marmashe. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ba wanda zai ɗora wa laifin.

Da aka tashi aiki ya wuce gidan Umma. Ya tarar da ita a tsakar gida tana ninke wanki. Tun a mota ya shirya abin da zai ce, jimla huɗu, ba ƙari. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya buɗe baki, jimlolin suka gudu.

"Umma, abin da ya faru shi ne, kaset ɗin, yu si, injin ne ya... ni kuma ban ajiye ba, yu si, da na sani..."

Hannunta ya tsaya a kan zanin da take ninkewa.

"Sake faɗa."

"Me, Umma?"

"Abin da ka ce yanzu."

Sai a lokacin ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya gyara murya, ya maimaita mata "yu si" a tsanake, kalma biyu fes.

"A'a, ba haka ba," ta ce. "Wannan naka ne. Ci gaba da bayaninka kawai, kada ka gyara komai."

Ya ci gaba, yana tuntuɓe, yana maganar rikoda da kwandon shara da layin ƙasan allo. Umma ta ajiye zanin a cinyarta. Bayanin ba ya shiga kunnenta ko kaɗan, ya kuma gane haka. Jira take ya sake kasa magana.