Labarin da Abu Rakan Ya Ɗora wa Gidan Bakir

Duk cikin masu yawo da baƙi a Amman babu wanda ya kai Abu Rakan baki. Kowa ya san haka, shi kuma ya fi kowa sani. Shekara ashirin da biyu yana hawa dutsen Ƙal'a, inda kufan tsohon birni yake, yana sauka, tarihin garin ya zauna masa daram a ka: Ammonawa, Rumawa, fadar Banu Umayya, girgizar ƙasar da ta mayar da garin kufai, har zuwan Sharkasawa 'yan gudun hijira da keken shanunsu, lokacin da suka fake a ramukan gidan wasan Rumawa kafin su yi gini a bakin rafi. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai baƙo, Allah ya shirye shi, da ka jera masa sarakuna uku zai fara hamma yana duba waya.

To, a wani lungu bayan kasuwar kayan lambu, kusa da titin da aka shimfiɗa a kan rafin, akwai wani tsohon gidan dutse da ya daɗe a kulle. A saman ƙofar an sassaƙa suna, Bakir, da shekarar gini. Wata rana can baya, da Abu Rakan ya ga baƙinsa sun gundura, sai ya nuna gidan ya buɗe baki, labari ya fito da kansa. Wai shekarar wata babbar ambaliya, maƙwabcin Bakir, wani mai injin niƙa da suke gaba a kan ruwa, ya zo da ɗansa a kafaɗa yana dukan ƙofar nan. Bakir ya ji, ya ƙi buɗewa, ruwa ya tafi da su. Wai kunyar abin ce ta kore shi daga garin. Ranar har wata Baturiya ta yi hawaye. Tun daga nan labarin ya zama abin rufe yawonsa, kullum yana ƙara masa gishiri. Bai san ko wane ne Bakir ba, bai kuma taɓa tambaya ba.

Matarsa Umm Rakan ce kaɗai ke tsokanarsa. "Yau ma ka nutsar da mai niƙa? Bawan Allah, sau nawa zai mutu?"

"Ke dai zuba shayi. Wa ya san su? Sun tafi tun ba a haife ni ba."

Wata Laraba da hantsi wani magidanci mai suna Nart ya same shi a bakin gidan wasan Rumawa, riƙe da hannun mahaifiyarsa, wata tsohuwa 'yar siririya da farin mayafi. Daga Turkiyya suka zo. Nart ya ce shi takamaimai suke nema, sun gan shi a wani bidiyo da wani baƙo ya ɗauka ya sa a waya. Kan Abu Rakan ya kumbura. Har Turkiyya!

Ya kwashe su zuwa Ƙal'a, ya sauko da su, yana zuba kamar rediyo. Tsohuwar, Hajja Janset, ba ta cika magana ba. Sau ɗaya kawai ta tsaya a tsakiyar titi, motoci na ta yi mata oda, ta ce, "Nan ruwa ne da. Akwai kwaɗi." Larabcinta irin na tsofaffin garin ne, amma gogan bai lura ba, hankalinsa na kan abin da ya tanada. Da suka isa lungun ya gyara tsayuwa, ya sassauta murya, ya ba da labarin kaf, har da dukan ƙofar da tafin hannu sau uku. Tsohuwar ta ɗora hannu a jikin bangon ta daɗe a haka.

Abu Rakan ya matsa sai sun je gidansa, ba nisa, hawa matakala ne kawai. Umm Rakan ta yi musu maraba, Abu Rakan ya ɗauko butar gahawa da kansa ya zuba ya miƙa wa tsohuwar. Ta karɓa, ta ajiye kofin a kan tebur ba ta kurɓa ba.

A al'adar garin, baƙon da ya ajiye kofi bai sha ba, da buƙata ya zo, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya yi alkawarin biya masa. Maza aka sani da yin haka, amma wa zai gyara wa tsohuwa? Mai hankali kan ce a faɗi buƙatar tukuna. Abu Rakan kuwa, da kansa ke sama tun safe, ya bugi ƙirji.

"Sha gahawarki, Hajja! Abin da ya kawo ki, an ba ki."

Ta sha, ta girgiza kofin alamar ya isa, ta mayar masa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ni 'yar Bakir ce. A gidan nan aka haife ni, ina da shekara biyar muka tashi. Baba bai taɓa gaya mana dalili ba har ya rasu, mu kuma a gidanmu ba a tambayar uba. Sai da jikana ya nuna mini kai a waya na sani." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ba musu na zo yi ba. Ka kai ni wurin dangin mai niƙan nan. Ko jika ne, ko tattaɓa-kunne. In durƙusa in roƙar wa Baba gafara kafin in bi shi."

Butar ta yi wa Abu Rakan nauyi a hannu. Kunya irin wadda bai taɓa ji ba ta rufe shi, ya rasa inda zai sa idonsa. Ya dubi matarsa. Yau babu tsokana a fuskarta, ƙasa take kallo.

Hanyar kuɓuta a buɗe take, ya gan ta sarai. In ya ce dangin sun ƙare, ko sun koma garin Zarƙa an rasa labarinsu, shi ke nan, sunansa ya tsira. Har bakinsa ya fara haɗa maganar, don ya saba. Amma ya ce an ba ta, a gaban iyalinsa, ta kuma sha. In ya sallame ta da wannan, haka za ta koma da kisan kai a wuyan ubanta har kabari.

"Hajja," ya ce, muryar da ke cika gidan wasan Rumawa ta dawo 'yar ƙarama. "Babu mai niƙa."

"Sun rasu?"

"Ba a taɓa yin sa ba. Babu yaro, babu dukan ƙofa. Ni na ƙirƙira. Sunan na gani a dutse, baƙi suna hamma, na... Wallahi ban san komai a kan mahaifinki ba."

Nart ya miƙe zumbur, jijiyar wuyansa ta tashi. "Kai! Ka san abin da ka yi wa matar nan? Shekara biyu ba ta..."

Uwar ta kama gefen rigarsa, ya koma ya zauna yana huci.

Ta daɗe tana kallon Abu Rakan. Da ma ta zage shi, da ya fi masa sauƙi.

"Shekara biyu," ta ce a hankali, "na cire hotonsa daga bango. Mutumin da ke cire mini ƙaya a kifi har na yi aure." Ta numfasa. "To, alhamdu lillahi. Ni na ji, na huta. Sauran fa?"

"Waɗanne, Hajja?"

"Waɗanda ka tsayar a ƙofar gidanmu. Mutum nawa ka faɗa wa?"

Abu Rakan ya shiga lissafi a ransa. Mota biyu cike da baƙi a rana, wani lokaci uku, shekara da shekaru, kowa ya koma ƙasarsa da labarin. Tsohuwar ta gyara zama tana jiran amsa, don da gaske take tambaya.