Hular Gargaɗi

Mijina yana aiki a kamfanin da ke ƙera ƙananan akwatuna masu kunna famfon ruwa su kashe shi da kansu. Kowane akwati da 'yar kwamfuta a ciki, kuma shi ya rubuta sashen manhajar da ke fara farkawa idan an kunna, wanda ke duba memori, wato ma'ajiyar kwamfutar, ya rarraba shi, ya ce nan wurin wane, can wurin wane. Tun kamfanin yana ɗaki ɗaya da fanka mai kuka ya rubuta shi. Yanzu bene ne hawa uku, shi kuma Tsoho suke ce masa.

Ni tela ce, ban san kan kwamfuta ba. Amma in kin yi shekara da shekaru kina cin abinci da mutum mai labari ɗaya, dole ki haddace. Duk sanda suka harhaɗa manhajar, wato suka mayar da rubutunsu abin da inji zai gane, kwamfutar sai ta yi tsegumi. In kuskuren babba ne ta tsaya cak. In ƙarami ne ta rubuta gargaɗi da rawayan haruffa ta wuce abinta. To, ofishinsu suna da wata hula hana-sallah, mai launin rawaya. Wanda rubutunsa ya jawo gargaɗi shi zai sa ta har ya gyara. Wasu su sa da safe, kafin azahar sun cire. Mijina kuwa hular ta kwanta daidai da kansa, har ni nake wanke ta ran Asabar.

Ga abin da gargaɗin yake faɗa. Sashen nasa kamar katakon da magina ke takawa ne, in gini ya tashi sai a kwance a kwashe. Da inji ya gama tashi, zuciyar manhajar takan share sashen don a sami wuri. Sai dai akwai wani layi can ciki da zai iya kiran sashen bayan an share shi. Mijina ya rantse a akwatunansu ba a taɓa bi ta wannan layin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ita dai kwamfuta ba ruwanta da rantsuwa, kullum sai ta maimaita.

Ana haka aka kawo sabon manaja, aka fara rage ma'aikata. Matar akawunsu ta kawo mini ɗinki, ina auna ta take ba ni labari. Wai sunan mijina ya fito a taro, sai Manaja ya tambaya, duk cikinsu wa ya fahimci wannan rawayan layin in ban da Tsoho? Kowa ya sunkuyar da kai. Shi ne ya ce a bar shi tukuna.

Da yamma na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Baban Auta, hular nan da kake rainawa, ita ke biyan haya. Ita ke riƙe da Auta a jami'a. Don Allah ka bar gargaɗin nan ya yi ta gargaɗinsa."

"Haba, ke kuwa. Aikina suke so, ba hula ba."

"To, na ji. Amma dai ka bar shi."

Ya ce ya bari, kuma da farko ya bari ɗin. Sai ga wasu baƙi sun zo sayen akwatuna, Manaja yana zagayawa da su. Ɗaya ya nuna mijina ya tambaya ko hular alamar muƙami ce. Manaja ya kwashe da dariya ya yi musu bayani tiryan-tiryan, har da cewa wannan tasa ce ta gado. Ranar mijina bai ci abinci ba. Na tausaya masa ƙwarai, amma tsorona ya fi tausayin yawa.

Asabar da Lahadi ya ƙwace mini teburin yanka, ya ture yadudduka gefe ya baje kwamfuta. Na sani akwai hanyar toshe wa gargaɗin baki kawai, shi da kansa ya taɓa gaya mini. Ina, mijina ba ya aikin ha'inci. Ya warware abin tun daga tushe, ya raba layin da sashen har abada. Bai tsaya nan ba, ya bi kowane layi ya rubuta bayani a kansa, dalla-dalla, don kada na baya su wahala. Ina tsaye da almakashi a hannu ina kallon mutum yana yi wa kansa rami, yana ma share gefensa.

Har walima suka shirya, suka gayyace ni. Lemo da biskit, da babban allo a bango. Aka danna, rubutu ya yi ta gudu fari tas, har ƙarshe ko ɗigon rawaya babu. Aka tafa. Mijina ya cire hular a hankali, inda ta saba zama ya yi haske fiye da sauran goshinsa. Rabon da in ga irin wannan murmushin a fuskarsa tun ranar da aka haifi Auta.

Manaja ya juya ga wata injiniya mai farin gilashi da ke kusa da ni.

"Ke kin gane gyaran?"

"Tsaf, Oga. Ai Baba ya yi bayanin komai. Kowa ma zai iya riƙe sashen yanzu."

Ba da mugunta ta faɗa ba, yabo take yi. Manaja ya gyaɗa kai ya ce madalla, ni kuma na ajiye biskit ɗin da ke hannuna.

Ƙarshen wata aka sallame shi, ya dawo gida da kwali a hannu, kofin shayinsa da hoton yara a ciki, hular a sama. Wai sun ce ya tafi da ita don tunawa. Na shirya faɗa cike da baki, sai ya zauna bakin gado ya ce, "Amma dai kin ga allon. Ko layi ɗaya babu."

Na ce na gani.

Yanzu a shagona yake wuni, yana miƙo mini zare. Hular tana rataye a ƙusa kusa da tef ɗin awo. Jiya ina taka keke ya karkato kunne, ya ce akwai wani ɗan ƙara da yake ji a ciki, in ba shi sukudireba minti kaɗan ya gama.

Na dafe keken da hannu biyu.

"Baban Auta, bar shi da ƙararsa. Shi kaɗai ya rage mana."