Siminti a Kan Soron Gwaggo

Filibus birkila bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya jingine babur a ƙofar gidan Alhaji Hayatu, ya gaida shi a tsaitsaye, ya ja shi zuwa lungun da ke bayan tsohon soron gidan. Kwana uku ke nan ana zabga ruwa a Sakkwato. Da hantsin nan ya ɗan tsagaita, amma gabas ta sake haɗowa.

"Alhaji, tun jiya hankalina bai kwanta ba," in ji Filibus. "Zo ka ji wani abu."

Soron nan fa ba na jiya ba ne. Kakan kakan Hayatu ya gina shi da tubalin ƙasa da azara, nan Ƙofar Rini, kuma duk shekara kafin damina sai maginan gargajiya sun sake masa yaɓe. To, bara aka ce wani kwamiti zai zagaya tsofaffin gidajen birni, a rubuta waɗanda za a adana saboda tarihi. Shi kuwa Hayatu, tsohon ma'aikacin gwamnati, mutum ne mai son a ce ya iya. Wai kunya yake ji baƙi su tarar da bango duk zanen ruwa. Ya sallami masu yaɓe, ya ɗauko Filibus daga Tudun Wada, ya ce a shafe soron da siminti ciki da waje, a bi da fenti. Filibus ya gaya masa ginin ƙasa numfashi yake yi, in an toshe shi, ruwan da ya shiga ba ya fita. Hayatu ya ce aiki ya kira shi, ba wa'azi ba. Haka aka yi kuwa, soro ya fito fes.

Filibus ya ƙwanƙwasa bangon da ƙotar guduma. Maimakon sautin gini, sai aka ji kwam-kwam, kamar an buga tulun da ba kome ciki. Ya matsa gaba ya sake bugawa, duk kanwar ja ce. Sannan ya durƙusa ya huda wata 'yar kafa a gindin bangon. Jan taɓo ya ɓullo yana malala kamar kunu, kuma bai tsaya ba.

"Babu bango a nan, Alhaji. Simintin ne kawai ke riƙe da azara. Ba na jin zai kai azahar. Akwai mutum a ciki?"

Amsar ta fito ta taga: muryoyin mata suna bitar karatu. Gwaggo Ummukulthum ce, yayar mahaifinsa, take karantar da matan unguwa a soron daga hantsi zuwa azahar, kamar yadda uwarta ta yi. Ta doshi casa'in, ƙafafu sun daina ɗaukarta, sai mata biyu sun kama ta ake zaunar da ita. Hayatu ya buɗe baki zai kurma ihu, Filibus ya cafke masa hannu.

"Kada ka yi. Ƙofa ɗaya ce, ga ta ƙarama. In suka rugo gaba ɗaya suka bangaji bango, shi ke nan. A fito ɗaya bayan ɗaya. Ni zan nemo itace in tokare ta nan, amma kada ka dogara da shi."

Hayatu ya zagaya cikin gida. A bakin soron ya ƙirga takalma, na mutum goma sha ɗaya. Namiji ba ya shiga nan ana karatu, kuma duk gidan ba mai katse Gwaggo, ko mahaifinsa bai taɓa gwadawa ba. Ya yi sallama sau uku. Da ba a kula shi ba, ya sunkuya ya shiga. Matan suka yi tsit, suna gyara lulluɓi. Ya je gefen buzunta ya durƙusa, ya kai baki kusa da kunnenta.

"Gwaggo, ginin ga ba shi da lahiya. Ruwa ya cinye shi ta ciki. Laihina na."

Ba ta dube shi ba. A hankali ta ce, "Tun shekaranjiya ni ka jin ƙasa na zuba bayan simintinka. Na ɗauka shi kai mu kaka."

"Birkila ya ce ba shi kai azahar."

Ta ɗaga kai ta dubi rufi, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta miƙa hannu cikin alkukin bango, inda gafakokin littattafan kakanni suke jere, ta zaro guda.

"Zainaba, kai wagga ɗakina, ki zamna can. Tahi sannu, ban son ƙarar ƙafa."

Zainaba ta karɓa ta fita. Gwaggo ta ci gaba da bayanin farillan alwala daga inda ta tsaya, kai ka ce ba abin da ya faru. Ta gama layi guda, ta zaro wata gafaka, ta kira wani suna.

Wallahi Hayatu bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Yana durƙushe, gumi na bin bayansa, ya ga wata tsaga ta taso daga kusurwa tana hawa sama, siririya. Ɗazu da ya shigo iyakarta alkuki, yanzu ta wuce. Ƙasa ta zubo masa a hula. Aka yi tsawa can nesa, sai ga ruwa ya sauko. Shi so yake ya tashi ya kore su duka, ita kuwa tsohuwar sai ta kai ƙarshen layi take sallamar mace guda. Ya riƙa ƙirga waɗanda suka rage da ido, bakwai, shida, yana salati a zuci. Ta bayan bango yana jin Filibus na dukan itacen tokara, kowane bugu sai gabansa ya faɗi.

Da suka rage biyu, azara ta yi ƙara a saman kansu. Ɗaya daga cikin matan ta gane, ta zabura za ta miƙe. Gwaggo ta watsa mata harara, ta koma ta zauna. Aka ba kowacce gafaka bibbiyu, suka fita a sanɗa. Alkuki ya zama wayam.

"To, hita ka kira mata su kama ni," in ji Gwaggo.

"Ba lokaci, Gwaggo."

"Hayatu, da kai ni ka magana."

Shekarunsa sittin da biyu, bai taɓa musa mata ba. Ya juya mata baya, ya kamo hannayenta ya ɗora a wuyansa, ya miƙe da ita. Rashin nauyinta ya ƙara tsorata shi. Taku shida ne zuwa ƙofa. A na uku wani falle na siminti ya ɓalle ya faɗa kan buzun da ta tashi. Ƙofar ta riga ta karkace, sai da ya rarrafa da gwiwa, yana kare kanta da tafin hannu, kafin suka fito cikin ruwa.

Bai kai tsakiyar gida ba ya ji ƙasa ta girgiza. Ba wata babbar ƙara, soron zaunawa kawai ya yi, bango ya fara, rufi ya bi. Matan da ke rakuɓe a baranda suka ɗauki salati. Filibus ya shigo a guje, jikinsa duk taɓo, ya dubi Hayatu da tsohuwar da ke goye a bayansa, ya dafe kai ya tsuguna.

"Juya ni in gani," in ji Gwaggo.

Ya juya da ita. Jan taɓo na malalowa har kan ƙafarsa, guntayen siminti masu fenti sun yi warwatse a kai. Ya ji ta ƙanƙame wuyansa, sai a lokacin ya san ita ma ta ji tsoro.

"Nan anka haifi ubanka," ta ce. "Damina ɗari da wani abu, ruwa bai ci soron ga ba, sai da kac ce za ka adana shi."

Hayatu ya duba inda zai sauke ta, ko'ina ruwa ne, sai ya ci gaba da riƙe ta a baya.