Lambar Alhaji Tukur

Ran da aka gama shaton ruwa na Ɗan Kassari, wato dogon tankin da zai ba gari ruwa, Alhaji Tukur, shugaban kwamitin ruwa, ya sa babbar riga ya zo ganin akwatin da aka ce shi ne sarkin aikin. Shi ya matsa aka kafa shaton a bayan gidansa, dab da rumbunsa na gero, don kowa ya san ruwa daga ina yake fitowa.

Madam Fadila, ma'aikaciyar da aka turo daga Dogon Dutsi, ta yi masa bayani. Ta ce akwatin nan yana aika umarni ta rezo, wato sabis ɗin waya, zuwa ga injin rijiya da famfunan gari, amma hanyar ƙarama ce, umarni ɗaya ke wucewa a lokaci guda. Shi ya sa kowane da lambarsa, mai lamba ɗaya ake fara aikawa.

Alhaji ya tambaya wa ke da ɗaya. Ta nuna wata 'yar roba mai kamar gora da ke iyo cikin tanki. Ta ce in ruwa ya cika, ita ke sa akwati ya ce wa inji ya tsaya.

«To famfon lambuna fa?»

«Huɗu, Baba.»

Alhaji ya ce tun da aka haife shi bai taɓa zama na huɗu ba, ko wajen rabon naman suna. Ya tara kwamiti, aka jera lambobi yadda ake jera tabarmi ranar ɗaurin aure: lambunsa farko, sai masallaci, sai unguwar maigari, sai kwamin shanu. Gorar, da ba ta da gemu ba ta da dangi, aka kai ta ƙarshen layi. Fadila ta ce «tsaya» ba ta jiran layi. Alhaji ya ce a Arewa yaro ba ya katse babba. Ta sa ya dangwala hannu a takarda, ta juya lambobin, ta hau mota.

Sati uku yana yawo da fara'a. Sai ranar kasuwa akuya ta tauna wayar famfon lambun. Da hantsi akwati ya ce wa famfon ya buɗe, shiru. Ya sake, shiru. Akwatin kuwa an hore shi da ladabi, ya tsaya yana ta sallama a ƙofar babba, bai waiwayi kowa ba. Tanki ya cika, gora ta taso, maganarta tana can bayan shanu tana jira.

Kafin Alhaji ya dawo daga kasuwa ruwa ya yini yana zuba. Gindin rumbu ya jiƙe, ya durƙusa, geron shekara ya kwanta cikin laka. Halilu mai amalanke, da ya zo taya kwasa, ya ce ai ruwan ma ya san girma, gidan shugaba ya fara gaidawa.

Alhaji ya koma gefe ya kira Fadila a waya, murya ƙasa-ƙasa. Ta jajanta masa, sannan ta tambaya lamba nawa za a ba gorar.

«Ba ta ɗaya, ɗiyata.»

Ya kalli kajin maƙwabta suna tsattsage geronsa.

«Amma biyun, kar ki ba kowa.»